Baƙin keke Phoenix don zuwa aiki a Kano: abin da zai ɗauke wa motarka da abin da ba zai iya ba

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuma ta tsallake 1,000. Acaɓa dama an hana ta a cikin gari tun 2013, Adaidaita Sahu kuma duk lokacin da mai ya motsa shi ma sai ya motsa. Shi ya sa ma'aikatan da ke da mota a gida suka fara tsayawa gaban masu sayar da kekuna suna tambayar farashi, kuma wanda aka fi fara nunawa da yatsa shi ne baƙin keken nan na Phoenix, ɗan Shanghai, mai taya inci 28, mai birkin ƙarfe da kariya, wato wurin ɗaura kaya, a baya.

Ga mai tafiyar da ba ta wuce kilomita 8 daga gida zuwa wurin aiki ba, keken yana yi. Amma da sharaɗi biyu: kada ka hau shi yadda ya fito daga shago, kuma kada ka sayar da motarka saboda shi.

Ƙirarsa tsohuwar ƙirar kekunan Ingila ce, irin ta Raleigh ɗin da aka taɓa haɗawa a masana'anta nan Kano. Dattawan da suka hau waccan za su ce maka ƙarfen yanzu bai kai na da ba, kuma ba su yi ƙarya ba. Sai dai siffar tana nan. Mutum yana zama a miƙe, bayansa bai sunkuya ba, yana ganin titi ta saman motoci, kaftani ba ya tattarewa a ciki. Yana da murfin taya gaba da baya, yana da gidan kaca, yana da ƙafar tsayawa mai ɗaga tayar baya gaba ɗaya. Nauyinsa yana kai kilo 20 ko kusa da haka, wanda a garin da ke da tudu da gangare aibi ne babba. Kano kuwa shimfiɗaɗɗiya ce. In ka cire gindin Dala da Gwauron Dutse da gadojin sama, babu hawan da zai sa ka nemi giya. Nauyin yana damunka ne a wuri biyu kawai, wajen tashi daga tsaye da wajen ɗaga shi a tsallake lambatu.

Babbar falalarsa ita ce kayan gyara. Babu unguwar da za ka rasa mai gyaran keke da ya san cikinsa da wajensa, daga Kurna har Mariri, kuma kowane ƙarfe a jikinsa akwai shi a kasuwa da arha. Keken gwanjo mai giya ya fi shi sauƙi a hannu da gudu, amma ranar da abin canza giyarsa ya lanƙwashe, ko mai riƙe shi ya karye, za ka iya yin mako kana yawon neman wanda zai dace.

Sabo ba shi ne gyararre ba

A kwali ake kawo keken nan a warwatse, yaran shago ne ke haɗa shi, kuma a kan yawan wanda suka haɗa ake biyansu. Kusan duk ƙorafin da ake yi a watan farko daga nan yake fitowa. Saboda haka ka ware kamar kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin keken daban, ka tura shi kai tsaye wurin mai gyaran da ka yarda da shi, a sake haɗa shi a gabanka.

A fara da boris, wato ƙananan ƙwallayen ƙarfen da taya da feda ke juyawa a kansu. A buɗe gidan boris na tayar gaba, na tayar baya, na tsakiya inda hannuwan feda ke juyawa, da na wuya. Sau da yawa za a tarar da ɗan shafe-shafen giris da bai kai ya kawo ba, wani wurin ma a bushe. A wanke da kananzir, a cika da giris mai kauri irin na mota. In boris ɗin zube suke ba a cikin zobe ba, lissafin da aka saba shi ne 9 a kowane gefe na tayar baya masu kaurin kwatan inci, 10 a kowane gefe na tayar gaba ƙanana kaɗan, 11 a kowane gefe na tsakiya su ma masu kwatan inci. In aka rage ɗaya taya za ta riƙa ƙara, in aka ƙara ɗaya ba za ta zauna daidai ba. Wajen ɗaurewa kuma a bar taya tana juyawa da kanta ba tare da tana kaɗawa gefe da gefe ba. Masu haɗawa sun fi yawan matse ta fiye da kima, shi ne za ka ga sabon keke yana da nauyin tuƙi kamar ana riƙe shi ta baya, bayan wata biyu kuma boris sun ci gidansu.

Sai sifok, wato siraran wayoyin ƙarfen da ke riƙe rim. Sabuwar taya ta kan zo da wasu a matse wasu a sake. Ka matsa su biyu-biyu da hannu ka ji. Wanda ya sake zai ba da kai. In aka hau haka, waɗanda suke a matse su ne ke ɗaukar dukan nauyi, su ne kuma ke fara karyewa, galibi a tayar baya ta ɓangaren kaca. A daidaita su duka, a juya tayar a ga ba ta rawa, bayan mako biyu da fara hawa a sake komawa a duba. A wannan keken daidaiton rim ya fi muhimmanci fiye da a keke mai birkin waya, domin birkinsa ba gefen rim yake kamawa ba, cikinsa yake ja zuwa sama. In rim ɗin bai zama da'ira sosai ba, birki zai riƙa kamawa yana saki, kai yana fizga a hannunka.

Kafin a mayar da taya, a leƙa cikin rim. Akwai siririyar roba da ke rufe kan sifok don kada su huda tif. Wadda ke zuwa da shi takan zama sirara ko ta goce. A yanka tsohon tif a shimfiɗa, a kuma goge kan duk sifok ɗin da ya leƙo. Facin da ake ta yi a ɓangaren tif na ciki, wanda ke kallon rim, ba ƙusa ce ke jawo shi ba, wannan ne.

Kota ita ce ƙaramar ƙusar da ke riƙe hannun feda a jikin shaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a tsakiya, kuma ita ce raunin keken da aka fi sani. Da guduma ake zaunar da ita, a tokare ƙarƙashin hannun fedar da wani ƙarfe don kada dukan ya sauka a kan boris, sannan a ɗaura noti. Notin riƙo kawai yake yi. Wanda ya ce zai ja kota da shi har ta zauna, zai tsinke zaren. Ta dama da ta hagu dole su kalli ɓangarori daban, in ba haka ba fedojin biyu ba za su miƙe a layi ɗaya ba. Da zarar ka ji ƙwas-ƙwas a ƙarƙashin ƙafarka duk juyi ɗaya, ka tsaya a buga ta a ranar. In ka bari ta kwana biyu, gefenta ya cinye, ramin ya buɗe, sai ka sayi sabon hannun feda. Kauri biyu ake samu, milimita 9 da 9.5, don haka ka tafi da tsohuwar in za ka sayo. Fedar hagu kuma zarenta a juye yake, hagu ake murɗa ta ta ɗauru. Fedojin roba da ke zuwa da keken ba sa daɗewa, sirdin ma haka; ba laifi a canza su tun ranar farko.

Abu na ƙarshe da ya kamata a duba shi ne haƙora. Ka ƙirga na babban faifan gaba da na firiwil, wato ƙaramin faifan baya. In gaba 44 ne baya 18, kowane juyin feda yana kai ka kusan mita 5.5, wanda ya yi wa mai tashi da tsayawa a cunkoson Kofar Mata ko Bata nauyi, ga gwiwa tana shan wahala. A sa mai haƙora 20, juyi ya dawo mita 4.9, ko 22 ga mai shekaru ko mai ɗaukar kaya, ya dawo kusan 4.5. Gudun da za ka rasa a miƙaƙƙen titi ba wani abu ba ne, tunda a cikin gari da wuya matsakaicin gudun mai keke ya wuce kilomita 12 zuwa 15 a awa. Za a ƙara wa kaca gaɓa ɗaya ko biyu, shi ke nan.

Sirdi kuwa yawancin mutane ƙasa suke barinsa don ƙafa ta taɓa ƙasa. Ka hau, ka ɗora dunduniya a feda lokacin da take can ƙasa. In ƙafar ta miƙe sosai, tsayin ya yi. Ka tabbata an bar aƙalla santimita 7 na sandar sirdin a cikin firam.

Birki, taya da yanayin gari

Birkin shi ne inda keken ya fi gazawa, kuma babu gyaran da zai kawar da wannan gaba ɗaya. A busasshen titi, in an daidaita shi, yana tsayar da mutum. Amma rim ɗin ƙarfe ne mai santsi, da zarar ya jiƙe sai roba ta riƙa zamewa a kansa, ka matse hannu keken ya ci gaba da tafiya har sai tayar ta juya sau da yawa ta share ruwan. A watan Agusta wannan ba ƙaramin abu ba ne. Dabarar ita ce ka riƙa ɗan taɓa birki tun kafin ka buƙace shi, ka ninka tazarar da kake bari tsakaninka da na gaba. Ka kuma duba takalmin birkin: ƙarfen da ke riƙe robar gefe ɗaya a rufe yake, ɗaya a buɗe. Rufaffen gefen shi ne zai kalli inda rim yake nufa in keke na tafiya gaba. In aka juya shi, ranar da ka taka birki da ƙarfi robar za ta fice ta bar ka da ƙarfe tsirara. Kuskure ne da ake yawan gani a sababbin kekuna.

Wajen sayen taya akwai tarko. Taya biyu ake kira 28. Ta wannan keken an rubuta mata 28 x 1½, wani lokaci da lamba 635 a gefe. Ta kekunan gwanjo masu siririyar ƙafa kuma 622 ce, ita ma wasu kamfanoni 28 suke rubuta mata. Ba sa shiga wa juna. Ka karanta lambar da ke jikin tsohuwar kafin ka biya.

Bawul ɗin da ke zuwa da tif ɗinsa irin na da ne, mai 'yar siririyar roba a ciki. Zafin Afrilu, lokacin da rana ke haura digiri 40, yana busar da robar ta tsage, sai ka fito daga ofis ka tarar da taya a ƙasa ba tare da ƙusa ta taɓa ta ba. Ko dai ka ajiye 'yan robobin a aljihun jaka, ko ka sa tif mai bawul irin na mota, wanda ramin rim ɗin yake ɗauka, kuma kowane mai faci a bakin titi zai iya ba shi iska ya auna. Sai dai ka tsaya a kansa, domin injinsa na tayar mota ne, daƙiƙa kaɗan ya isa ya fasa maka tif. Adadin iskar da taya ke ɗauka a rubuce yake a gefenta. Ƙarancin iska ya fi yawanta ɓarna: taya mai laushi in ta daki bakin rami, rim yana cizon tif ya bar huda biyu a jere. Ka matsa da babban yatsa kowace safiya, ka ƙara iska sau ɗaya a mako. Keken kuma a inuwa ake ajiye shi, don rana tana narkar da sholishon tsohon faci ya ɗago.

Masu huda taya a Kano sanannu ne: tsidau a gefen hanyoyin da ba kwalta bayan damina, fasassun kwalabe, da guntayen waya da ake bari inda aka ƙona taya. Duk a bakin titi suke taruwa, cikin yashin nan da iska da ruwa ke tarawa. Yashin kansa ma yana kayar da mutum in tayar gaba ta shiga a karkace. Kada ka manne da gefen titi sosai. Ka bar kamar taku ɗaya tsakaninka da yashin.

Kaca ita ce ke shan wahalar hunturu. Masu gyara sun saba zuba mata tsohon baƙin mai har yana ɗiga, ƙurar Disamba da Janairu kuma ta bi ta manne, su haɗu su zama kamar dutsen wasa wuƙa, suna cin kaca da haƙora tare. A goge ta da tsumma da kananzir, a bari ta bushe, a ɗiga mai mai tsabta ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, a juya, sannan a share na waje tas. A lokacin ƙura duk mako biyu, a damina duk bayan ruwa ya dake ta. Don sanin ko ta ƙare, a auna da ma'aunin tela: cikakkun gaɓoɓi 12 na sabuwar kaca inci 12 ne daidai. In sun ƙaru da kusan milimita 2 a canza ta; in sun ƙaru da fiye da 3, firiwil ma ya tafi, sai a canza su tare, in ba haka ba sabuwar za ta riƙa tsalle. Ɗaurinta kuma a bar ta tana motsi sama da ƙasa kamar faɗin yatsa. In keken mai rabin gidan kaca ne, ka ɗaure ƙafar wandon dama da roba, ka tattare gaban kaftani ka zauna a kai. Babbar riga ba ta keke ba ce.

A kan titi

Mota ba ita ce ta fi yi wa mai keke barazana a Kano ba, Adaidaita ne. Yana ganin fasinja ya ɗaga hannu zai yanko gabanka ya tsaya cak, ba sigina ba komai, kuma daidai layin da kake bi yake yanka. Kada ka bi bayansa kurkusa, kada ka ratsa tsakaninsa da gefen titi. Bayansa sai ƙofar motar da aka faka, musamman a Zoo Road da Ibrahim Taiwo da gaban bankuna a Murtala Mohammed Way, sai kuma manyan motoci a Zaria Road, Hadejia Road, Sharaɗa da Bompai. Direban tirela ba ya ganin abin da ke gefensa na dama, kuma in zai yi kwana bayan motar yana shigowa ciki fiye da gabanta. In ka ga tirela a shataletale ko mahaɗa, ka tsaya ta wuce.

Gadojin sama irin na Kofar Nassarawa da Dangi da Sabon Gari ba don keke aka yi su ba. Babu gefen rakuɓewa, motoci suna gudu, kai kuma kana jan kilo 20 da giya ɗaya a hawa. Ka bi ta ƙasa ko da ya fi cunkoso. Gadojin ƙasa irin na Kabuga da Gadon Kaya su ma gara a kauce musu in akwai hanyar sama, ballantana bayan ruwa. Ruwan da ya rufe titi kuma kada ka shige shi a kan keke, don ba ka san inda ramin yake ba, ba ka san inda murfin lambatu ya ɓace ba.

Inda keke ya fi mota nesa ba kusa ba shi ne cikin gari da kewayen kasuwanni. Mai zuwa Kantin Kwari, Singa, Kofar Wambai ko Kurmi daga Gwale, Dala ko Fagge yakan riga mai mota isa, ga shi bai biya kuɗin fakin ba, bai yi ta zagaye yana neman wuri ba, KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, kuma ba ta da abin kamawa a jikinsa. Hanyar da kake bi da mota ba lalle ita ce ta keke ba. Ka ɗauki wata Lahadi da safe ka gwada lunguna da layukan unguwa, ko da sun ƙara maka kilomita ɗaya. Bin hannun da ba naka ba don taƙaita hanya kuwa, wanda masu keke suka mayar al'ada, shi ne ke sa mai fitowa daga layi ya buge ka, don ba ta nan yake duba ba.

Makullin da ke manne a tayar baya yana hana taya juyawa ne kawai. Mutum biyu za su ɗaga keken su jefa a Adaidaita. Ka sayi sarƙa mai kauri da kwaɗo, ka zagaya firam da tayar baya ka haɗa da ƙarfen da ke kafe a ƙasa, a inda mai gadi ke gani. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar da aka buga a jikin firam, ka ɗauki hotonta. Fitila kuma ka sa mai caji, fara a gaba ja a baya. Mai dainamo tana mutuwa da zarar ka tsaya, wato daidai lokacin da na bayanka ya fi buƙatar ganinka. Waya ta zauna a cikin jaka, ba a aljihun gaban riga ba, kowa ya san halin da ake ciki da masu ƙwace. Hular kwano za ta sa yara su yi maka dariya kwana biyu, ka sa abarka.

Rabon kwanaki tsakaninsa da mota

Ga lissafin da kowa zai iya yi da nasa alƙaluman. Mai tafiyar kilomita 8 yana cin 16 a rana, a kwanakin aiki 22 ya ci 352. Ƙaramar mota irin Corolla ko Civic mai shekaru, a cunkoson gari da na'urar sanyi a kunne, takan sha lita 11 zuwa 12 a kilomita 100, wato kusan lita 40 a wata don zuwa aiki kawai. In keke ya ɗauki kwana uku cikin biyar, ka rage lita 24. Ka haɗa kuɗin keken da na gyaran farko, ka raba da kuɗin lita 24 a farashin yau, za ka ga watannin da zai ɗauka ya biya kansa. Lokaci kuma minti 35 zuwa 40 ne a keke. Da sassafe mota ta fi shi sauri, amma da yamma a hanyar BUK ko Katsina Road tazarar ba ta da yawa.

Abin da keke ba ya ragewa shi ne kuɗin da mota ke ci tana tsaye. Takardu za a sabunta duk shekara, inshorar dole ta ƙananan motoci naira 15,000 ce tun Janairun 2023, ko ka hau ko ba ka hau ba. Don haka ribar tana cikin mai, juye, birki da taya ne kawai.

Kwana uku, ko huɗu ga wanda jikinsa ya saba, shi ne rabon da ke ɗorewa. Wanda ya ce daga gobe kullum keke, yawanci kafin wata ya jingine shi a zaure. A fara da kwana biyu da ba sa jere, a ƙara bayan mako uku. Ranakun mota kuma a tara musu duk abin da ke buƙatarta: kai yara makaranta in rabonka ne, cefanen mako a 'Yankaba ko Rimi, ɗauko buhun hatsi, kai mahaifiya asibiti, taron da za a shiga da manyan kaya, gaisuwar mutuwa a wata unguwa bayan an tashi. Juma'a ta fi dacewa da mota ga yawancin mutane saboda shiga, sai dai a tuna ana rufe tituna kusa da masallatai. A ranar motar ne kuma za ka kai kayan sawa na kwana biyu ko uku ka ajiye a ofis, da tawul da sabulu, don ka riƙa tafiya da riga mara nauyi ka canza in ka isa. Jaka a kan kariya ake ɗaure ta da roba, ba a goya ta, in ba haka ba bayan riga zai jiƙe sharkaf kafin ka kai rabin hanya.

Rabon yana bin yanayi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin keke ne sosai, abin da ake buƙata takunkumi saboda ƙura, tabarau, da rigar sanyi da safe. Mai asma ya bar keken ranar da hazo ya yi kauri. Daga Maris zuwa Mayu a fita kafin ƙarfe 7, kada a dawo kafin la'asar ta yi sanyi, a riƙe ruwa lita ɗaya, ranar da aiki zai fitar da kai da tsakar rana kuma a ɗauki mota. In azumi ya faɗo a wannan tsakanin, dawowar yamma a keke ba dabara ba ce ga mai nisa. Damina ba ta hana hawa kamar yadda ake zato, tunda ruwan Kano ya fi sauka da yamma ko dare kuma hadari yana nuna kansa, amma ga maganar birki da aka yi a sama. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya ga likita kafin ya fara.

Akwai kuma maganar da ba a faɗa a fili: wanda aka saba gani a mota in aka gan shi a baƙin keke, za a ce ya karye. Wannan ya fi zafin rana hana mutane hawa. Ganin motar tana fita sau biyu a mako yakan kashe zancen.

Ita ma motar tana da haƙƙinta in ta koma zama. Batir yana zubar da caji a tsaye, tsoho ma cikin mako biyu zai iya kasa tayar da ita. Kunna ta minti biyar a gida ba ya mayar da abin da tayarwar ta ci, sai ma ya tara ruwa a salansa. Abin da take so tafiya ce ta minti 20 zuwa 30 aƙalla sau ɗaya a mako, har inji ya yi zafi sosai. In za ta wuce mako biyu a ajiye, a cire kan batir na baƙar waya. Juye kuma kada a jira kilomita ta cika, a yi shi duk wata shida. A damina kada a bar birkin hannu a ɗage kwana da kwanaki, yana mannewa. A sa ta a giya a tokare taya da dutse. A riƙa buɗe bonet ana dubawa, domin ɓera yana son motar da ba ta motsi, kuma wayoyi yake fara ci.

Wanda ke zaune nesa, irin Janguza, Dawanau ko bayan Mariri, yana iya tunanin ya zo da mota bakin gari ya ajiye, ya ƙarasa da keke. Dabara ce mai kyau, amma ba da Phoenix ba. Tsawonsa ya kusa mita 2, ba ya shiga but ɗin ƙaramar mota, cire tayar gabansa kuma sai da sifana da kwance birki. Wannan aikin na keke mai naɗewa ne, ko na gwanjo mai taya 26 wanda tayar gabansa ke fita da hannu. In za ka sayi irin wannan, ka guji mai shokozoba a tsakiya, nauyi ne kawai da kayan lalacewa. Ka duba bayan wuyan firam da ƙarƙashinsa ko fenti ya tattare, alamar ya taɓa karo ke nan. Ka ɗaga tayar baya a gaban mai shi ka shiga kowace giya ɗaya bayan ɗaya, ka kuma tambayi mai gyaran unguwarku ko yana da kayan irinsa kafin ka biya.